Bakina Yana Waƙa, Hannuna Yana Barci

Malam Edita, yau sai da sanda nake tafiya, amma a zamanin Jamus ni saurayi ne mai ji da ƙarfi, ɗan dako a bakin kogin Binuwai a garin Garwa. Fataucin goro ne ya kawo mahaifina daga Kano har ya zauna, ni kuwa na taso ba abin da nake so kamar hayaniyar bakin ruwa. Kogin ba ya daɗewa a cike. Da damina ta yi nisa sai jiragen Turawa su hauro da gishiri da yadi, su koma da fatu da ƙaro da man kaɗanya, kuma dole a gama lodi kafin ruwa ya janye, don haka aiki ba dare ba rana. Har yau ina kewar lokacin. Mata na suyar kifi a gefe, ana ciniki da Fillanci ana zagi da Hausa, kowa jiƙe da gumi amma kowa na dariya.

Gaɓar kogin tana da tsayi, shi ya sa da igiya ake zura gangunan mai. Mutum ɗaya a sama ya naɗa igiyar a turke yana saki kaɗan-kaɗan, ɗaya a ƙasa yana tare gangar da kafaɗa. Al'adarmu ita ce mai igiya ya riƙa waƙa, na ƙasa yana amshi. Muddin waƙa na tashi, na ƙasa ya san ana riƙe da shi. In ta yanke, ya yi tsalle gefe. Ni ne mai igiya, na ƙasa kuwa aminina ne, wani Bafulatani dogo wanda shanun gidansu suka ƙare ya shigo gari. Tare muke cin tuwo, yana tsokanata wai muryata ta jaki ce amma ita ce ransa.

Shugaban 'yan dako yakan raba mu kashi-kashi, wasu su kwanta wasu su yi aiki. Ni sai na mai da ƙin barci abin alfahari. In lokacin kwanciyata ya zo, sai in cusa goro a kunci in karɓi igiyar wani, don a ce ɗan Bakano ba ya gajiya. Aminina ya yi mini magana, ya ce idona ya yi ja kamar gauta, in je in kwanta ko kaɗan ne, jirgi ba zai gudu ba. Na ce masa barci na masu kiwo ne. Ya yi dariya ya sauka ƙasa, don ya yarda da ni.

Da hantsi abin ya faru, rana tarwai. An ce barci ɓarawo ne, to ni a tsaye ya sace ni, ido buɗe. Abin da ya fi ci mini rai, waƙar ba ta yanke ba. Bakina ya saba, ya ci gaba da rerawa, hannuna kuwa ya saki. Aminina yana amshi har gangar ta danne masa ƙafa. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ba ta sake taka ƙasa ba.

Na yi wata guda ina zagaye ƙofarsa a unguwar Jambutu, kunya ta hana ni shiga. Ranar da na daure na yi sallama, na iske shi yana koyon saƙar tabarma. Na fara ba da haƙuri ina kuka, sai ya dubi idona, ya tura mini tabarmar da ya gama.

Ya ce, "Har yanzu ba ka yi barci ba. Kwanta, aboki, ni zan yi maka gadi."

Na kwanta, ban farka ba sai la'asar, na same shi zaune yana kore mini ƙuda. Haka muka zauna har tsufa, bai taɓa goranta mini ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bara Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu ina ganin samari direbobi a tasha da jajayen idanu, suna tauna goro suna cika bakin sun kwana a hanya. 'Ya'yana, ƙin barci ba jarumta ba ce. Mutum yana iya magana, har ya yi dariya, alhali ya riga ya tafi. In dai ran wani na hannunka, je ka kwanta. Ni na ƙi barcin, amma wanda ya yarda da ni shi ya rasa ƙafa.