Kifin da Bai Ci Abinci Ba

Ina tsaye gaban gilashi a gidan kifin jami'a, ɗana Habu na gefe yana ta latsa waya. Na ce ba ni zuwa, shi ya matsa mini.

Na tsufa ina kamun kifi a Yauri, amma kifayen tekunsu ko ɗaya ban gane ba.

Sai wata ma'aikaciya ta zo tana leƙen wani kifi da ya laɓe bayan dutse.

"Habu, me take nema?"

"Wai tun jiya bai ci ba, Baba. Dubawa take."

Ni ma tun jiya ban ci ba, kuma gida ɗaya muke kwana da Habu.

Jama'a, ku wa ke tambayarku ko kun ci?