Zagin da Raisa Ta Roƙa

Shekara goma sha tara ni da Raisa Yegorovna muna karɓar rigunan sanyin ɗalibai a ƙofar jami'ar garinmu, Kostroma, muna rataye su muna ba da lamba. A tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ta zauna ta shanye kofin shayi ɗaya ba. Ta kurɓa, ta miƙe, ta ɗinke wa wani maɓalli, ta leƙa taga, ta dawo tana mitar shayi ya huce. Kallonta kawai gajiyar da ni yake.

Tana da shekara hamsin da ɗaya ta shiga karatun yamma, wai za ta koma ƙauyensu ta koyar da Rashanci, don makarantarsu ta daɗe ba malamin harshe. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ba da wasa take ba. Tana rataye riga tana bitar ƙa'idoji, ta miƙa wa mutum rigar da ba tasa ba, ni ce mai ba da haƙuri.

Komai ta haye, sai jarrabawar nahawu ta ƙarshe, ta baka, wadda ake kife takardun tambayoyi a tebur ka zari ɗaya. Sau biyu tana faɗuwa. Ta san abin sarai, amma da malami ya kafa mata ido sai bakinta ya riga kanta gudu. Faɗuwa ta uku kuwa kora ce.

Da safen ranar ta faɗo kamar an koro ta, ta damƙi hannuna.

"Tonya, ƙarfe goma zan shiga. Ki zage ni."

Kowa a nan ya san mai jarrabawa ba ya sa'a sai nasa na zaginsa a bayan ido.

Na ce, "A biyun da kika faɗi, wa ya zage ki?"

"Wa gare ni in ba kyanwa ba? Na roƙi maƙwabciyata, wai nauyina take ji. Ke kuwa bakin nan naki ba linzami."

"Na gode da yabo. Wuce, kada ki makara."

Goma na bugawa na fara, a hankali: sakarya, mai kan kabeji, uwar rawar kai. Can sai na ji muryata ta sauya. Tsohuwar banza, ina za ki? Me kika rasa a nan? Wa zan yi wa faɗa in kin tafi? Raina ya ɓaci da gaske, hawaye har haɓa. Wani ɗalibi ya tsaya da lamba a hannu ya kira ni da cikakken sunana ya ce, "Antonina Lvovna, lafiya?" Na ce ya karɓi rigarsa ya ba ni wuri.

Sha ɗaya da rabi sai ga ta tana saukowa daga bene, matakala bibbiyu, tana kaɗa littafin maki.

"Uku! Ya ba ni uku cikin biyar, na haye! Kin zage ni ko?"

"Ba wanda na ƙyale a danginku."

Ta rungume ni har na kusa shiɗewa. "Wallahi na ji a jikina. Ke kika cece ni, Tonya."

A watan Agusta na raka ta tashar jirgi da akwatunanta biyu. Har yau takan aiko min da kwalbar kokwamba mai gishiri, da wasiƙar godiya. Ban taɓa gaya mata ba cewa ana minti biyu da fara zagin nan, fatan faɗuwarta nake yi.