Tsaron Tsuntsu a Gonar Kawu

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a Kankiya, ni da abokina muka faɗa hannun 'yan bindiga. Gaisuwar rasuwa muka je wani ƙauye can yamma, muna dawowa a kan babur ɗinsa suka tare mu da rana tsaka. Ba zan tsawaita abin da ya faru a dajin ba. Mun yi makonni a ɗaure, ƙafata da tasa a sarƙa guda. Shi yana da ciwon suga, kuma babu magani. A gefena ya cika wata safiya, sai da rana ta take kafin a kwance ni daga jikinsa. Daga baya 'yan uwa suka yi abin da za su iya, aka sako ni.

Gida ya cika da masu barka, kowa na cewa na auna arziki. Ina amsawa da baki, amma hankalina bai baro dajin ba. Ina tafiya ina jan ƙafar hagu kamar har yanzu da nauyi a jikinta. Ranar da na koma shago, ɗan acaɓa ya wuce da gudu, ban san lokacin da na shige ƙarƙashin teburin keke ba. Wani dattijo da ya kawo yadi ya leƙo yana tambaya ko allura ce ta faɗi. Na ce e, allura ce. Ƙato da ni, da gemuna.

Mahaifiyar abokina ta yi ta aiko min cewa tana son ganina. Kullum in ce gobe. Ko layinsu ba na iya bi.

Likita ya saurare ni, ya ba ni magani, ya ce in riƙa dawowa. Mahaifiyata kuma ga rubutu ga addu'a. Duk na sha, barci ya ɗan samu, amma ido biyu ina ganin wancan wurin. Na rufe shago na koma zaman ɗaki.

A haka kawuna, ƙanen mahaifiyata da ke noma a Bauranya ta ƙasar Kusada, ya zo duba ni. Ya dube ni ya ce, "Gerona ya fara ido, tsuntsu shina ta ɓarna, ni kuma gwiwa ta hana ni zama gona. Tashi mu tafi ka yi mani tsaro."

Na ce, "Kawu, daji fa ka ce. Ni da daji har abada."

"Ban ce daji ba, gona na ce. Daga inda za ka zauna kana hango rumbunanmu."

Kunyarsa ce kawai ta sa na bi shi.

Ya zaunar da ni gindin wata kanya a tsakiyar gonar, ya miƙo min bakin igiya. An ja ta ta ratsa geron, an rataya mata gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tsuntsu ya sauka, ka ja, su yi ƙara, ya tashi. Aikin ke nan. Yinin farko ban tsare komai ba. Na ji motsi cikin karan gero, na yar da igiya na zura da gudu har na kifa kan kunya. Ashe jakin maƙwabta ne ya tsinke.

Da Kawu ya zo da yamma ya ga zangarniyar da aka cinye, bai yi faɗa ba. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Mi kake ji yanzu?"

Na fara ba shi labarin abin da ke raina. Ya ɗaga hannu. "A'a, da kunnenka. Yanzu, nan wurin."

Na yi shiru na kasa kunne. Na ce ina jin kurciya. Ya ce sai mi? Iska cikin ganye. Sai mi? Wata mata na daka can cikin gari. Ya ce, "To haka za ka riƙa yi. In ka ga hankalinka ya tafi can, kada ka yi kokawa da shi. Ka nemi abin da kunnenka ke ji, ka dawo. Zai sake tafiya, ka sake dawowa."

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Sau da yawa sai hayaniyar tsuntsaye ce ke farkar da ni, in tarar na daɗe a wancan dajin, su kuma sun ci rabonsu. Amma a hankali na fara lura da abubuwa. Kukan da tsuntsayen marai ke yi kafin su sauka daban yake da na tashi. Ƙasa na da sanyi a tafin ƙafa da safe. Numfashina, da kullum yake tsayawa a wuya, ya fara sauka har ciki.

Wata rana hadari ya haɗo, ban gudu gida ba. Na zauna ina shaƙar ƙamshin ƙasa har ruwan ya sauko a kaina. Sai na tuna yadda muke buɗe baki sama ni da abokina idan ana ruwa, don ƙishirwa. A karon farko tunanin ya zo ban firgita ba, kuka kawai na yi, irin wanda ban yi ba tun ranar da ya rasu. Na san ina gonar Kawu, na san shi ya tafi.

Bayan an yi girbi na dawo Kankiya, na wuce gidan su abokina. Mahaifiyarsa na zaune kan tabarma, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Ɗana, abu guda nake son ji. Shi kaɗai ne lokacin?"

Na ce, "A'a, Inna. Kansa na kan cinyata. Na yi masa kalmar shahada, ya amsa."

Ta rufe fuska da mayafi. Sannan ta ce, "Ina suka sa shi?"

Wannan ban sani ba, kuma haka na gaya mata. Har ta koma ga Allah ba mu sani ba.

Yau ina ɗinkina, na yi aure, ina zuwa wurin likita idan abin ya motsa, don yana motsawa. Gona ba ta goge min komai ba. Abin da ta koya min shi ne in gane inda nake zaune a daidai lokacin da nake zaune, kuma ga wanda ya ga abin da na gani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu safiyoyin nakan fita bayan gari in zauna in saurara. Wani lokaci in dawo da sauƙi, wani lokaci in dawo yadda na tafi. Idan kun yi salla, ku sa abokina a addu'a. Ba shi da kabarin da za a ziyarta.