Buhun Gero a Kujerar Hapsatu

Duk mai injin ban-ruwa a Birnin Kudu ya san Manu, mutumin Kiyako da ya zo gari tun yana saurayi ya zauna gyaran inji a gindin wata darbejiya. Ba ya son surutu, kuma taurin kansa sai dai a yi shiru. Yana da wata tsohuwar mota, ta sha fenti har ba a san launinta na asali ba. Kayan aiki a but ɗin motar suke zama, kujerar baya kuwa galibi jikoki ne ke hawa.

Matsalar ta fara ne ranar da zai kai matarsa Hapsatu gaisuwa Sundimina. Hapsatu mace ce mai jiki, masha Allah, kuma ba ta zama a gaba, ta ce kunya take ji. Tana zama a baya ta hannun dama, motar ta yi tari ta mutu. Manu ya duba, fiyus ɗin famfon mai ya ƙone. Ya sa sabo, ya sake ƙonewa. Hapsatu ta sauka ta nemi ta haya. Tana tafiya ya sa wani, mota ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba.

Haka aka sake yi ranar wani biki, a gaban dangi. To, ka san bakin mutane. Gwaggo Hawwa, ƙanwar mahaifin Manu, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta taɓe baki ta ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma farar ƙafa gaskiya ce." Kafin a raba abinci zancen ya zaga gidan. Har aka tuno akuyar da ta mutu shekarar da aka kawo Hapsatu. Kai, jama'a!

Sai ga 'yarsu Muhsina ta haihu a Farin Dutse, can ƙasar Gwaram. Ana shirin tafiya suna Hapsatu ta ce ba za ta ba, a kowace mota ma. "Malam, ku je ku gaishe ta. Kada in taka gidan wani abu ya sami jaririn a ce ni ce." Ran Manu ya ɓaci matuƙa, don ya san yadda ta ƙagu ta ga wannan jika.

Wani mai gyaran wayoyin mota ya ba shi shawara ya naɗe fiyus ɗin da zaren waya, ba zai ƙara ƙonewa ba. Manu ya ce Allah ya kiyaye, wayar da ke bi ta kan tankin fetur? Fiyus ai ba ya ƙonewa don nishaɗi, wani wuri ne waya ke taɓa ƙarfe.

Da safiyar sunan, mata sun taru a ƙofar gida, Gwaggo Hawwa na tsakiya. Manu ya sa sabon fiyus, ya murɗa makulli, ya kasa kunne. Famfo ya yi ɗan ƙuginsa daga baya, inji ya kama. Ya bar ta tana aiki, ya shiga gida ya kinkimo buhun gero, ya dire shi daidai inda Hapsatu ke zama. Nan take motar ta mutu.

Ya zare fiyus ɗin ya miƙa wa tsohuwar. "Gwaggo, ga shi ya ƙone. Duba mini buhun nan, ina ƙafarsa take?"

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da mayafi. Gwaggo ta ce, "Ja'iri, ni za ka yi wa iya shege?"

Ya sauke buhun ya ɗaga kujerar. Ga wayar famfon nan ta bi ta ƙarƙashi, wani ƙarfen kujera da ya karye ya ci robarta har jan ƙarfen ya fito. Jikoki ba su da nauyin da za su danna shi, babba kuwa yana zama sai ya haɗe. Ya yanke wurin da ya lalace, ya haɗa, ya naɗe da salatif, ya lanƙwashe ƙarfen ya kawar da wayar gefe. Ya mayar da buhun ya gwada, mota ko gezau.

Sannan ya leƙa soro ya ce, "Hapsatu, fito, rana tana yi."

Ta daɗe kafin ta fito. Ta tsaya a bakin ƙofar motar ta yi bisimilla, ta zauna a hankali kamar mai zama a kan ƙwai. Injin ya ci gaba da aikinsa. Gwaggo ta shige gaba ba tare da ta kalli kowa ba.

Sun yi nisa a hanyar Gwaram, sai Manu ya ji muryar matarsa daga baya, ƙasa-ƙasa.

"Malam, ashe da gaske ba ni ba ce."

Ya ɗaga ido ya kalli madubi, ya ga tana share hawaye da bakin mayafi. Shi duk zatonsa bakin mutane take gudu. Sai yanzu ya gane ita ma ta yarda da maganar, tun ranar bikin nan take ɗauke da ita. Tausayinta ya kama shi.

"Waya ce, Hapsatu," ya ce. "Tun farko waya ce."