Ranar da Baba Ya Yanke Sifirin Motarsa

Wata ranar Asabar ce a ƙarshen daminar 2005, bayan la'asar. Ina zaune a zauren gidanmu a Azare ina ɓarar gyaɗa a faranti, sai na ji ƙarar motar Baba ta karyo kwanar layinmu, amma tafiyar ba irin wadda na saba ji ba ce. A hankali take tahowa, tana yi tana tsayawa, can kuma sai na ji wani ƙuuu kamar ana jan kwano a kan siminti. Na ajiye farantin, na rarrafa bakin ƙofa na leƙa. Abin da na gani ya sa na saki baki. Motar ce dai, 'yar ƙaramar farar nan da duk unguwa ta sani, amma ta zauna daɓas a ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Cikinta ya kusa shafar yashi, tayoyin sun ƙanƙance sun shige ciki, murafunsu masu ƙyalli kuwa sun yi musu yawa, sun fito waje an ɗaure su da waya. Yaran layi sun biyo ta suna ihu. Dattawan da ke kan tabarma a gindin darbejiya suka miƙe tsaye, wani har da salati. A sitiyari kuwa Baba ne da 'yar hularsa, fuskarsa ba yabo ba fallasa, kamar daga masallaci yake dawowa.

Sai wanda ya san Baba zai gane dalilin da ya sa aka ruɗe haka. Malam Sule na ofishin gona, haka ake kiransa, mutum ne da ko agogo mai ƙyalli ba ya ɗaurawa. A lokacin samarin gari ne, 'ya'yan masu hali, suka fara sauke motocinsu ƙasa don wasan mota ranar biki, kuma da bakinsa na sha jin yana ce musu marasa aikin yi. Ita kuma motar ba ta ado ba ce. Ita ke kai shi ofis, ita ke zuwa gonarmu ta hanyar Yana ta dawo da buhun wake a but da damin gero a kujerar baya, har akuya ta taɓa shiga. Kwalliyarta ɗaya tak, murafun tayan nan da muke kira wilkoba. Kowace Juma'a da safe zai ciro su, ya zauna kan kujera 'yar tsugunno ya goge su da toka da soso har sai ya ga fuskarsa a ciki.

Ni kuma shan inna ta kama ni ina da shekara uku, ta tafi da ƙafafuna duka biyun. Da silifas a hannu nake rarrafe, kuma a cikin gida ban taɓa ɗaukar abin da wani nauyi ba. Ni ke tsinke zogale, ni ke tankaɗe, ni ke zama a bakin murhu ina iza wa Inna wuta. In aka zo carafke kuwa, duk 'yan matan layin sun san duwatsunsu nawa ne, don hannuna ya fi na kowa sauri da ƙarfi. Matsalar a bakin makaranta take. Kullum da safe Baba zai sunkuce ni ya sa a mota, in mun isa ya sake sunkutar ni ya dire a ƙofar aji. Ina ƙarama ban damu ba. Amma da na shiga aji biyar, jikina ya fara canzawa, sai wani yaro ya tsiri kwaikwayon Baba, yana rungumar jakarsa yana jijjiga ta kamar jaririya, sauran suna ƙyalƙyala dariya. Na dawo gida na ce zazzaɓi nake yi. Zazzaɓin ya ƙi ƙarewa, har Inna ta ritsa ni a ɗaki na faɗa mata cewa in dai sai an ɗauke ni a gaban mutane, to na gama boko.

Baba bai yi mini faɗa ba, bai ma ta da maganar ba. Abin da ya yi shi ne ya buɗe ƙofar motar ya ce in gwada shiga da kaina. Na kama kujera na ja jiki, ƙirjina ya hau, amma ƙuguna ya maƙale a bakin ƙofar, na zame na ƙuje haɓa. Aka kawo kujera 'yar tsugunno, ta goce da ni. Ya tsuguna ya auna abin da ya rage mini da yatsunsa, ya daɗe yana kallon hannun nasa. Daga baya ne Bukar, bakanikensa, wani Babarbare ɗan Gashuwa, ya ba ni labarin yadda suka kwashe. Ya ce da Baba ya faɗa masa abin da yake so, sai da ya ajiye sifana ya tambaye shi ko lafiya. Ya nuna masa cewa in aka yanke sifirin nan da ke ɗauke da nauyin motar, to ba ya komawa, kuma ta daina shiga gona ke nan. Baba ya ce a yanke. Aka yanke, aka sauke ta daga jak, Baba ya auna da yatsu ya ce da saura. Sai aka je wajen masu tsofaffin kayan mota aka samo ƙananan ƙafafu. Nata na asali lamba sha uku ne, aka sa mata masu lamba sha biyu da taya marar tsayi. A nan ne wilkoba suka ƙi zama, don kowane murfi da lambar ƙafar da aka yi shi dominta, na sha uku ba ya kama bakin sha biyu. Bukar ya ce a nemo daidai da su ko a bar ta haka. Baba ya ce shi dai nasa yake so, sai aka zura waya ta ramukan aka murɗe.

Ban san duk wannan ba a ranar Asabar ɗin. Abin da na sani shi ne Baba ya kashe mota, ya fito, ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba, bai ko kalli dattawan ba. Ya ce, "Zuwaira, zo ki gwada." Na sa silifas a hannu na tsallaka yashin, ido ya yi mini yawa har kunnuwana suna zafi. Na kama kujera, na ja jiki yadda na saba, ina jiran wurin da zan maƙale. Sai kawai na ji ni a zaune. Na jawo ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya na sa ciki. Na kalli Baba, a lokacin ne na gane saboda ni aka yi wannan ɓarnar. Ya ce, "To, rufe ƙofarki." Inna tana tsaye a zaure da ludayi a hannu, ta juya ta koma ciki da sauri.

Na koma makaranta ranar Litinin. Na buɗe ƙofa na sauko da kaina, yaran ma motar suke kallo, ba wanda ya bi ta kaina. Amma gari ya ɗauka. Wasu suka ce Malam Sule ya fara taɓuwa, wasu suka ce tsufa ya zo masa da gayu. Abokan aikinsa suka sa wa motar suna kunkuru. Duk inda aka yi tudun rage gudu a titi, sai ya karkace ya hau a gicciye, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, 'yan acaɓa suna masa ham a baya. Amfanin gonar shekarar a amalanken shanu aka kawo shi.

Bayan ƙaramar Sallah muka shirya zuwa Katagum gaida Hajja, kakata. Inna ta roƙi Baba mu shiga motar haya, ya ce zai bi a hankali. Yayansa, Baffa Alhaji Isa, ya ce da shi za a je. Baffa mutum ne mai jiki da murya, kuma tun rasuwar kakanmu shi ne uba a gidan. Baba ba ya zama a kujera in Baffa yana tsaye, ba ya kuma kallonsa ido cikin ido. Baffa ya shiga gaba, ni da Inna a baya da ƙullin tsaraba, motar ta ƙara lotsawa. Tun daga fitarmu gari yake mita. Muka wuce Gadau, rana ta take, titin ya zama ramuka da ɓaraguzan kwalta, ruwan damina ya cinye gefensa. Baba yana ta kewaye-kewaye, gumi yana bin wuyansa. A wani wuri manyan motoci sun haƙa hanya biyu sun bar tudu a tsakiya, da dutse a binne cikinsa. Ƙarar da na ji har yau ban ji irinta ba. Kaina ya bugi kujerar gaba, Inna ta saki salati, sai ga wilkoba ɗaya ta tsinke wayarta ta tashi sama tana walƙiya, ta faɗa can cikin karan dawa. Motar ta ɗan gangara ta mutu.

Muka fito. Baƙin mai yana kwarara daga ƙarƙashin injin kamar an yanka dabba, yana bin yashi. Baba ya kwanta ruf da ciki da fararen kayansa na Sallah yana leƙawa, ya toshe wurin da tafin hannu, man yana fita ta tsakanin yatsunsa. Ni ina zaune a gefen hanya kusa da Inna. Wasu Fulani mata masu tallar nono suka tsaya, masu keke ma suka tsaya. A gabansu duka Baffa ya buɗe murya. Ya ce tun farko ya faɗa, ya ce an mai da gidansu abin dariya a Azare. Sannan ya nuna ni da baki ya ce, "Ka kashe mota lafiyayya saboda gurguwar da za a ɗauka da hannu ɗaya."

Na sha jin kalmar a bakin yara, amma ban taɓa jin ta a bakin ɗan gidanmu ba. Sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Inna ta damƙe hannuna. Baba ya taso a hankali, gaban rigarsa baƙi ƙirin, ya tsaya daf da Baffa, ya ɗaga kai ya kalle shi cikin ido. Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Yaya, sunanta Zuwaira. Kai ka yi mata huɗuba a kunne." Ya ƙara da cewa, "Motar tawa ce. In ta gyaru ma haka za ta zauna."

Ban san wanda ya fi kaɗuwa ba a cikinmu. Inna ta rufe baki da mayafi. Masu nonon suka ɗauki ƙoransu suka yi gaba. Baffa ya juya mana baya ya daɗe a tsaye. Na ɗauka tafiya zai yi ya bar mu. Sai na ga ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya gangara cikin gonar dawar. Muna jin karan yana karyewa. Da ya fito, ƙaiƙayi ya manne masa a hula, wilkobar tana hannunsa, gefenta ya lanƙwashe. Bai miƙa wa Baba ba. Ya zo inda nake, ya sunkuya da ƙyar ya ɗora mini ita a cinya, ya koma gindin wata tsamiya ya zauna. Bai ba da haƙuri ba, a ranar ko bayanta. Wata a-kori-kura mai ɗauke da kifi ce ta ja mu da igiya muka koma Azare, ba mu ga Hajja ba sai a wata tafiyar.

Motar ta daɗe a garejin Bukar. A tsawon lokacin Baba da keke yake zuwa ofis, ni kuma ya ɗaukar mini ɗan acaɓa, Inna tana ɗora ni tun daga cikin zaure. Kowa ya ɗauka in ta fito za a ɗaga ta, har Bukar ya nemo wasu sifirin ya ajiye. Ta fito a yadda take, sai dai an sa mai walda ya liƙa mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Wilkoba kuwa Baba ya haƙura, ya sayi masu lamba sha biyu, baƙaƙe na roba marasa kyau, suka zauna caf ba waya. Ba ta ƙara barin cikin gari ba. Ita ta kai ni har na gama sakandare.

Yanzu ni ke koyarwa a wata firamare a nan Azare, ina da babur mai ƙafa uku da nake tuƙawa da hannu a cikin gari. Baba ya rasu ina kwalejin ilimi, motar kuma masu sayen tsohon ƙarfe suka yanka ta suka loda a kura, ban ma gani ba. Baffa yana nan, ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi. Nakan je gaishe shi, ya sa jikokinsa su shimfiɗa mini tabarma kusa da shi, ya yi ta ba su labarin ƙanensa har muryarsa ta shaƙe. An gyara hanyar Katagum, yara ma suna zuwa su dawo kafin azahar. Nakan zauna a bakin titi da yamma ina kallon masu wucewa. Hanya ta yi kyau, motoci sun yi yawa, mai kai ni ne babu.