Ranar da Aka Soki Yatsan Baba Gidaɗo

Surukina Baba Gidaɗo mutum ne da bai taɓa buɗe baki ya ce wani wuri na yi masa ciwo ba. Ni Sale nake faɗa, ni da na auri 'yarsa Fatsuma, kuma halin nan nasa ya sha ba ni haushi. Mutumin Shinaka ne, a bayan shanu ya tashi. Da aka tare ruwa a Goronyo noman rani ya kankama, sai ya rage shanun ya kama fili a bakin kanal, wato hanyar ruwan noman rani, ya koma albasa da shinkafa. Noma ya karɓe shi, amma kunyar gidansu bai baro ta a Shinaka ba. Ba ya cin abinci a gabana, ko ruwa ba ya sha. Fatsuma ta ce kunama ta taɓa harbinsa yana tare da baƙi, ya ci gaba da hira har suka yi sallama.

Shi ya sa ba ma aiki tare. Amma a wata kakar albasa mai yi masa dako ya yi tafiya, ga albasa zube a rana. Fatsuma ta hana ni sakat har na ɗaura wa shanuna amalanke na tafi. Muka yi lodi da hantsi, ina bisa, shi yana tafiya a gefe. Wani ya tayar da injin ban ruwa dab da hanya, shanu suka firgita, amalanke ta zame daga gaɓa ta kife. Buhuna suka danne mini ƙafa ta karye. Shi kuma katakon gefe ya doke shi a ƙasan haƙarƙarin hagu.

Ni kam ihu na yi, ba na ɓoyewa. Ƙashi ne ya karye, waƙa zan yi? Mutanen fadama suka taru suka janyo ni. Baba Gidaɗo ya tashi ya karkaɗe riga, ya gyara hula, ya zauna a kan buhu. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Lahiya lau. Ku duba yaron."

Aka kira motar asibiti. Yari ne direba, tare da Malama Adama, ma'aikaciyar jinya da ke bin motar. Gado ɗaya ne a ciki, kowa ya ɗauka nawa ne, ni ma haka na ɗauka. Ta ɗaure mini ƙafa da katako, tana miƙewa sai ta hango dattijo a inuwa yana ta zufa.

Ta je ta durƙusa. "Baba, ina yab buge ka?"

"Ba komi, ɗiyata. Ku ɗauki yaron."

Ta ɗaura masa abin awon jini a damtse, bai nuna wata matsala ba. Amma hannunsa sanyi ƙalau. Sai ta ciro wata 'yar na'ura mai kama da ta gwajin suga, ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a bakinta. Tana jira tana yi wa mutane bayani, ta ce idan jini na zuba a ciki, gaɓoɓi ba sa samun abin da ya ishe su, sai wani tsami ya taru a jinin, laktet suke ce masa. Kuma yakan hau tun awon damtse bai faɗi ba. Na mai lafiya ba ya wuce biyu. Na Baba ya haura biyar.

"Baba, jini na zuba cikin cikinka. Hwaɗa min gaskiya, ina ka ciwo?"

Ya dube ni ta gefen ido, ya ce, "Lahiyata lau."

Ta bi inda idonsa ya je, ta tambayi jama'a, "Wanga mi nai na?"

Wani manomi ya ce, "Surukinai na, mijin ɗiyatai."

"Af," in ji ta. "Ku ɗauke shi ku kai bayan amalanke, inda Baba ba shi ganinai."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni mai karaya, ni aka kinkima kamar buhun albasa aka dire a bayan amalanke. Na yi ta masifa. To amma amalanke ba bango ba ce, ina jin komai. Sai na ji muryarsa can ƙasa yana cewa, "Ɗiyata, cikin ga ya cika. Ƙishirwa nika ji, kuma duhu nika gani." Ya yi wani dogon nishi. Nan masifata ta tsaya, tsoro ya kama ni, don na san in mutumin nan ya yi nishi to abin ya kai.

Ta hana a ba shi ruwa ya sha, ta sa masa ta jijiya, aka kwantar da shi a gadon. Ta ce da Yari kada ya tsaya asibitin gari, Sakkwato kai tsaye, ta buga waya a tanadi jini. Ni a bayan akori-kurar albasa aka kai ni asibitin gari. Daga baya Yari ya gaya mini suna wuce Wurno Baba ya daina amsa kira. Saifa ce ta fashe, aka yi masa aiki aka cire ta. Likita ya ce da an bar shi a kan buhun nan, ba zai kai la'asar ba.

Ya dawo gida a rame, ya bar wa 'ya'yansa maza gonar. Da na fara takawa da sanda na je gaishe shi, Fatsuma ta tare ni a ƙofar zaure.

"Ya ce in ba ka haƙuri. Wai gadon mota naka na, shi yak karɓe."

Haushi ya turnuƙe ni, kuka kuma ya zo mini. Na ce ta koma ta faɗa masa ƙafa ta haɗe, kuma wallahi in ya sake ɓoye ciwo saboda ni, zan kwashe 'yarsa mu koma garinmu Rabah ya huta da ganina. Ta shiga, ta jima, ta fito.

Na ce, "Mi yac ce?"

"Ya ce ka shigo. Kwance shike."