Ƙeranar da ba ta da nono

A maƙabartar unguwarmu a Gaya, ƙerana ake dasawa a kan kabari don kura da awaki. Kowa ya dasa, sai kaburbura suka zama iri ɗaya. Da innata ta rasu, tun ba a gina gada a kan kogi ba, babana ya ƙi yarda nata ya ɓace a cikinsu. Ya samo wani reshe wurin mai ban ruwa a lambun kumandan, Baturen mulki, ya kafa a wajen kanta.

Ni a idona ƙerana ce kawai, na kuwa faɗa masa haka. Ya harare ni, ya ciro wuƙa. Ya yanki ta kabarin kusa, farin nono ya tsatso, irin mai makantar da ido. Ya yanki tamu, sai ruwa mai yauƙi.

"Duba da kyau, kai mai idon ado," in ji shi. "Ƙerana ƙayarta bibbiyu ce kamar ƙahon saniya, jikinta kusurwa huɗu. Wannan kusurwarta ta fi yawa, ƙayarta a cure take, tana fitowa daga wani ɗan gashi. Ko ba na nan ba za ka rasa uwarka ba."

Na bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano, na daɗe ban waiwayi gida ba. Da na dawo na tarar ciwo ya kwantar da babana. Abu ɗaya ya roƙe ni, in je in gano kabarin innata tun yana da rai, don a sa shi kusa da ita.

Na tafi da wuƙa, ina ganin aikin minti kaɗan ne. Ta farko da na yanka, ruwa. Na yi hamdala. Sai na ga ta gefenta ma ƙayarta a cure. Na yanka, ruwa. Ta gaba ma haka, har bakin kwari. Ashe da mutane suka gane ba ta ɓata idon yara, kowa ya riƙa sarar reshe yana kai wa nasa mamacin. Mai haƙar kabari ya ce uwar shukar, wadda babana ya dasa, sun sare ta har ta mutu, shi ma bai riƙe inda take ba. Raina ya ɓaci, na rasa wa zan zaga, tunda ba wanda ya yi da mugunta.

Na koma na faɗa wa babana gaskiya. Sai ya tambaye ni:

"Duka babu nono?"

"Duka, Baba."

"To, ku sa ni inda kuka samu wuri."

Bai sake tayar da maganar ba. Da ranar ta zo, muka haƙa a inda na fi zato, kuma har yau ban san ko kusa da wa na kwantar da shi ba.